Wanka uku nake yi a rana, amma ana toshe hanci in na zauna

Rubutun nan zai yi tsawo, a yi haƙuri da ni. Na fi wata biyu ina rubutawa ina gogewa, don magana ce da babu mai son a haɗa sunansa da ita. Abin da ya sa na daure na sake shi yau shi ne abin da na gani shekaranjiya bayan sallar Magariba. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya fito daga masallaci, bai ko gama sa takalmi ba, wani daga cikinmu ya ce a hankali, "Kai, yaron nan sai ka ce bunsuru." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, domin shekara biyu da suka wuce ni ne bunsurun.

Ga abin da nake son faɗa tun da wuri, kafin wani ya gaji ya bar karantawa: ba kowane mai warin jiki ne ƙazami ba. Kuma mu da muke dariya a bayan ido, muka kasa kiran mutum gefe mu gaya masa, laifinmu ya fi nasa.

Bari in fara da kaina. A gida na taso, a Arewa, ban taɓa jin wani ya ce ina wari ba. Gidanmu gida ne da in ka zo cin abinci ba ka yi wanka ba, Inna za ta kore ka. Da na samu gurbin karatu a nan Fatakwal, na zo da sabuluna da sosona da turarena kamar kowa. Zangon farko ban lura da komai ba. A zango na biyu, da damina ta kankama, sai na fara ganin wasu abubuwa. In na zauna a benci a ɗakin lakca, na kusa da ni sai ya tuna yana da magana da wani a can baya. A tasi a sauke gilashi ko da ana yayyafi. A sahu, wanda ke damana sai ya bar ɗan fili tsakaninmu. Ban kawo komai a raina ba, domin ni ba na jin komai.

Ranar da na gane, na dawo daga lakca na tarar da sabon rolon a kan katifata. Babu takarda, babu suna. Mu shida ne a ɗakin, uku 'yan Arewa. Na tambaya, kowa ya ce bai san zancen ba, amma babu wanda ya iya kallon idona. Wallahi da mari aka yi mini da ya fi sauƙi. A daren nan ban yi barci ba, ina ta lissafin tun yaushe ake maganata, su waye suka sani, ko har 'yan matan ajinmu sun sani.

Daga ranar na shiga yaƙi da jikina. Wanka uku, wani lokacin huɗu, a hostel ɗin da sai ka bi layi da bokiti kafin ka samu ruwa. Na riƙa dirza hammata da soso har ta saɓule. Na shafa lemun tsami a kan saɓulen, wanda ya taɓa yi ya san azabar. Kuɗin da Baba ke turo mini na abinci, kusan rabi a turare yake ƙarewa. Duk da haka, awa biyu bayan wanka abin ya dawo, kuma turare a kan gumi wani sabon wari yake haifarwa da ya fi na farko tayar da zuciya. Na daina zama a gaba. Na daina lakcar rana gaba ɗaya. Na koma yin sallah ni kaɗai a ɗaki. Ƙarshen zangon na kwaso kariyoba biyu, na ce wa Baba malaman ne ke da mugunta. Ƙarya na yi masa. Kunya ce ta kayar da ni.

Wanda ya cece ni wani yayanmu ne ɗan ajin ƙarshe a fannin likitanci. Bayan Isha'i ya zo har ɗakinmu ya ce in raka shi sayen burodi. Sai da muka yi nisa, babu kowa, ya ce, "Ƙanina, zan gaya maka wata magana, in ka ji haushina na yarda. Jikinka yana wari, kuma na san kana wanka, don ina ganinka a layin ruwa. Tunda wanka bai magance ba, to matsalar ba ta wanka ba ce. Gobe ƙarfe tara zan raka ka asibiti." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma wannan ne karo na farko da wani ya yi magana da ni, ba a kaina ba.

A asibitin, likita ta ce in ɗaga hannu. Na tsaya ina nuƙu-nuƙu, Yaya ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta haska fitila ta nuna mini gashin hammatata. Ni da almakashi nake rage shi, ba na askewa, saboda reza na sa mini ƙuraje. A jikin kowane silin gashi akwai wani abu rawaya-rawaya da ya manne kamar danƙo. Na daɗe ina ganinsa, na ɗauka ragowar sabulu ne. Ta ce tarin ƙwayoyin bakteriya ne da suka yi gida a jikin gashin, kuma sabulu ba ya fitar da su komai dirza. Ta sa na aske tas, ta rubuta mini maganin shafawa da na wankewa, ta yi mini tambayoyi a kan kayan da nake sawa da inda nake shanya. Cikin 'yan makonni, abin da na yi kusan shekara ina fama da shi ya lafa. Ban ce ya tafi gaba ɗaya ba, har yau ni mai yawan gumi ne, amma yanzu na san abokin faɗana.

Tun daga lokacin na zama ɗalibin wannan fanni na dole. Ga kaɗan daga abin da na koya, wataƙila ya amfani wani.

Gumi shi kansa kusan ba shi da wari. Jikin mutum yana da maɓuɓɓugan gumi miliyan biyu zuwa huɗu, kuma iri biyu ne. Na farko, da ake kira ekirin, suna ko'ina a jiki, ruwa da gishiri suke fitarwa don sanyaya mu. Na biyu, afokirin, suna hammata da matsematsi, ba sa fara aiki sai an balaga, kuma gumin da suke fitarwa mai kauri ne, da maiƙo a ciki. Wannan shi ne abincin bakteriyar da ke zaune a fatar kowa. Su ne ke cin sa su fitar da abin da hanci ke ji. A 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun gano ainihin sinadarin da ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin ke amfani da shi wajen mayar da gumi mara wari ya zama mai wari. Ma'ana, mutum biyu za su yi wanka da sabulu ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya ya wuni lafiya, ɗaya ya fara tsami kafin Azahar, saboda irin ƙwayoyin da ke fatarsu da yawan guminsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma gado. Wata ƙwayar halitta mai suna ABCC11 tana da hannu a warin hammata. Yawancin mutanen Koriya da Sin da Japan suna ɗauke da nau'inta da ke rage warin sosai, mu kuwa 'yan Afirka da Turawa kusan dukkanmu muna da ɗaya nau'in. Babu wanda ya zaɓi nasa. In kai ba ka wari, ka gode wa Allah, ba ƙoƙarinka ba ne kaɗai.

Sai yanayin gari, wanda shi ne ya fi shafar mu da muka baro gida. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, yawancin watannin shekara iska a bushe take. Ka yi gumi ya bushe nan take, ka shanya riga da hantsi ka kwashe kafin La'asar. A Fatakwal, Kalaba, Legas ko Benin, iskar kanta a jiƙe take. Gumi ba ya bushewa, zama yake a fata. Kayan wanki su kwana biyu a igiya a cikin ɗaki ba su bushe ba, ka sa su da ɗanshi-ɗanshi don ka makara. Tsarin tsaftar da ya ishe ka a gida, a nan ba lallai ya ishe ka ba. Wannan babu wanda ya gaya mana shi ranar da aka tarbe mu.

Yadi ma yana da nasa laifin. A 2014 an yi wani gwaji a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, aka gwada rigunan auduga da na foliyesta bayan an motsa jiki a cikinsu, aka samu na foliyesta sun fi wari, domin wasu ƙwayoyin sun fi son zama a jikinsu. Yanzu ku duba akwatunanmu: jesin ƙwallo, jallabiya mai sheƙi, singiletin roba, hijabi mai santsi. Ni jallabiya biyu nake ji da su a lokacin, duka na roba. Ina fitowa daga wanka tsaf in zura rigar da warin ya riga ya zauna a hammatarta, jiki na ɗumama ta sai ya taso. Ashe rabin warin ba a jikina yake ba, a rigar yake.

Akwai kuma wanda nasa ciwo ne a cikin jiki. Akwai wata lalura ta gado da aka fara bayyanawa a 1970, inda hanta ke kasa sarrafa wani sinadari mai suna tirayimetilamin, sai ya riƙa fita ta gumi da numfashi da fitsari da ƙarni irin na kifi. Ƙwai, hanta, wake da kifin teku suna ƙara ta. Mai wannan ko a kogi ya kwana ba zai rabu da ƙarnin ba, sai dai a daidaita masa abinci a asibiti. Ciwon suga in ya yi tsanani yana sa numfashi ya yi wani ƙamshi-ƙamshi kamar na 'ya'yan itace, ciwon ƙoda yana iya sa zarni, ciwon hanta ma yana da nasa. Yawan gumin dare tare da tari da rama na iya zama tarin fuka. Ga 'yan uwa mata, ƙarnin da ke fitowa daga gaba sau da yawa rikicewar ƙwayoyin wurin ne, ana maganinsa da ƙwayoyi na 'yan kwanaki, ba shaidar ƙazanta ba ce balle ta lalata, kuma cusa sabulu ko turare ƙara shi yake yi. Ku duba fa: mai yiwuwa wanda muke yi wa dariya, jikinsa ne ke neman agaji.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ginshiƙin maganata: hanci yana sabawa da warin da yake tare da shi kullum. Shi ya sa ba ka jin ƙamshin turarenka bayan ɗan lokaci, shi ya sa ba ka jin warin ɗakinku sai ka dawo daga hutu. Mai warin jiki, mafi yawan lokaci, bai sani ba. Ba taurin kai ba ne. Kowa a aji ya sani ban da shi. To in ba a gaya masa ba, ta ina zai gyara?

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji. Za a ce ai akwai ƙazamai na gaske, masu kwana uku da singileti ɗaya, masu safar da in an cire sai an buɗe taga. Gaskiya ne, akwai su, kowa ya san su. Amma daga nesa ba za ka iya bambance ƙazami da mai lalura ba, hanci ba ya wannan aikin. Kuma ko ƙazamin ne, dariya a bayansa ba ta taɓa sa shi wanka ba. Maganin duka biyun ɗaya ne, a gaya musu.

Za a ce, to mu da muke shaƙa fa, ba mu da haƙƙi? Kuna da shi. Mutum shida a ɗaki ɗaya, babu wuta, fanka a tsaye, ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu da na san abin da 'yan ɗakinmu suka jure, ba na ganin baƙinsu kamar da. Addini ma ya kula da hancin jama'a, tunda an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya matsi mutane a masallaci, an kuma yi umarni kada gashin hammata ya wuce kwana 40. Amma addinin nan dai, a cikin Suratul Hujurat, shi ya hana izgili da laƙabin banza da cin naman mutum a bayan idonsa. Ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Haƙƙinka shi ne ka nemi a gyara, ba ka mayar da ɗan uwanka abin hira a guruf ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai: wai irinsu ne ke jawo mana zagi a wurin 'yan Kudu. Duk wanda ya zauna a nan ya san yadda ake furta kalmar "aboki" wani lokacin, da abin da ake liƙa mata. Yana da ciwo, ni ma yana yi mini. Amma wanda ya raina ka tun kafin ya gan ka, ba hammatar wani yaro ɗan aji ɗaya ce ta sa shi ba. Kuma wari ba shi da ƙabila, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin jarrabawa mai mutum ɗari biyar a watan Maris ya san haka. In har muna jin kunyar a ce ɗan Arewa yana wari, to mu ne ya kamata mu fara jan sa a jiki mu rufa masa asiri. Mu da muke haɗa kuɗi in an kwantar da ɗayanmu a asibiti, muke raka juna tasha, me ya sa a nan kaɗai zumuncin ke ƙarewa?

In za ka gaya wa mutum, ga yadda aka yi mini kuma ya yi aiki. Mutum ɗaya ya je, ba tawaga ba. A keɓe, inda babu mai ji. Da yamma ko da dare, lokacin da zai iya komawa ɗaki, ba da safe yana shirin shiga lakca ba. Kada ka ce "mutane suna cewa", wannan kalmar kashe mutum take yi, ka ce "na lura". Ka nuna masa ka san yana ƙoƙari. Namiji ya gaya wa namiji, mace ta gaya wa mace. Sannan maganar ta mutu a wurin. Zai iya yin fushi, ni ma na yi na kwana biyu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Ajiye rolon a kan katifa a ɓoye kuwa, na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma tsoro ne aka naɗe a leda. Yana gaya wa mutum akwai matsala, ya bar shi yana zargin kowa.

Kai kuma da kake cikin halin da na shiga, ga abin da ya taimake ni. Ka aske gashin hammata, ba ragewa ba. Ka daina dirzar fata har ta saɓule, wanka biyu masu kyau sun fi huɗu na azaba, kuma ka tsane jikinka sosai kafin ka sa kaya. Ka san cewa rolon iri biyu ne: akwai mai rufe wari kawai, akwai mai tsayar da gumi, wanda in ka karanta jikinsa za ka ga yana da sinadarin aluminiyam. Wannan na biyun da dare ake shafa shi a busasshiyar fata kafin barci, lokacin da gumi ya yi ƙasa, a nan ya fi kamawa. Alimun da iyayenmu ke amfani da shi ma yana taimaka wa wasu. Lemun tsami kuwa ka yi hankali, yana ƙona fata, musamman bayan aski ko in rana ta taɓa wurin. Ka koma auduga, musamman abin da ke taɓa fata. Singileti da safa sawa ɗaya wanki ɗaya. Ka juya riga ka wanke hammatarta daban, ka shanya a rana duk ranar da ta fito, in ba ta fito ba ka yi guga. Tawul da zanen gado su ma kaya ne. Takalmi biyu, ka riƙa hutar da ɗaya. Turare a kan tsaftataccen jiki da tsaftatacciyar riga, ba a kan gumi ba.

In ka yi wannan na wata guda babu canji, ko warin ya zo maka farat ɗaya, ko ƙarni ne ko zarni, ko yana tare da rama, yawan ƙishirwa, yawan fitsari ko gumin dare, ka tafi asibitin makaranta. Kuɗin kula da lafiya yana cikin abin da muke biya a rajista. Kada ka tsaya a kemis ana haɗa maka ƙwayoyi, kada kuma ka biye wa masu tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in. Ka faɗa wa likita da bakinka, "Ina wari duk da ina wanka." Ba kai ne na farko da ya faɗa masa haka ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Bayan na warke na yi watanni ina zargin kaina. Duk wanda ya sosa hanci sai gabana ya faɗi. Wasu ma ba su taɓa yin wari ba, amma waswasi ya kama su har sun daina shiga mutane, kuma wannan ma lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani suke kuma magancewa. Abin da ya fitar da ni shi ne na zaɓi mutum ɗaya da na yarda ba zai yi mini ƙarya ba, na ce duk ranar da ya ji wani abu ya gaya mini. In bai yi magana ba, na yarda lafiya nake.

Yaron nan na shekaranjiya, jiya bayan Isha'i na ce ya raka ni sayen burodi. Abin da muka tattauna tsakanina da shi ne. Wanda ya kira shi bunsuru kuma abokina ne, mun yi magana, ya ce wallahi bai taɓa tunanin abin haka yake ba, na kuma yarda da shi, don ni ma kafin ya same ni ina cikin masu dariyar. Na tabbata a ɗakinku ko ajinku akwai wanda kowa ya sani ban da shi. Kafin Juma'ar nan, wani ya daure ya kira shi gefe.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.